"Dukiyar Aure" Da "Raba Dukiya": Sharhi Kan Wata Fassara

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne wata fassara da ta fara kama bakin mutane, har ɗalibai sun soma shigar da ita cikin rubutunsu. Idan aka kawo labarin mutuwar aure daga Ingila, mai fassara yakan ce kotu ta "raba dukiya" tsakanin miji da mata, wani ma ya kira abin da aka raba "dukiyar aure". Kalmomin duka Hausa ce tsantsa, amma fa kama da wane ba ta wane. A ganina fassarar ta yi ɓarna biyu: ta ba da labarin shari'ar Ingila a karkace, sa'an nan ta rufe mana ido ga tamu matsalar.

Mu fara da nahawu. Harafin da ya haɗa "dukiya" da "aure" ba kullum ya ke nuna mallaka ba. A "kuɗin makaranta" da "ruwan alwala" dalili ya ke nunawa, watau abin da aka tanada domin wani abu. Haka "dukiyar aure" ta ke a bakin Bahaushe: ita ce abin da dangin mai nema su ke kaiwa gidan yarinya tun ba a ɗaura ba. Abin da alƙalin Ingila ya ke nufi kuwa shi ne abin da ma'aurata suka tara bayan an ɗaura. Ashe mai fassara ya ɗauki sunan abin da ke gaban aure ya laƙaba wa abin da ke bayansa.

Haka kuma "raba". Ba a raba abu sai wanda aka yi tarayya a cikinsa, kamar gado ko riba ko ganima. Idan zama ya ƙi, abin da alƙalinmu ya ke rabawa aure ne. Game da kaya, sai a ce "ta kwashe kayanta", ko "an mayar masa da sadakinsa". "Kwashe" tana aji na huɗu a tsarin aikatau da Parsons ya fitar a 1960, ajin da ke nuna an yi abu ƙarƙaf, ba a bar saura ba. Harshen da kansa ya shaida cewa kayan ba su taɓa zama na tarayya ba. Don haka ne ma kowane abu ya ke da sunansa bisa ga inda ya fito: sadaki da lefe daga wajen miji, kayan ɗaki da gara daga wajen iyayen amarya.

To, yaya abin ya ke a Ingila? Mai jin "raba dukiya" yakan ɗauka mace ta shiga gidan attajiri yau, ta fita gobe da rabin abin da ya mallaka. Ba haka ba ne. Dokarsu ta 1973 ta umurci alƙali ya duba abubuwa da dama, ciki har da bukatar kowannensu da tsawon zaman da aka yi. A shari'ar White ta 2000 aka kafa cewa kada a fifita mai nemo kuɗi a kan mai kula da gida. A shari'ar Miller ta 2006, inda auren bai cika shekara uku ba kuma babu haihuwa, an tabbatar wa matar fam miliyan 5, abin da bai ko kusa da rabin dukiyar mijin ba, kuma babban abin da aka duba shi ne yadda dukiyar ta haɓaka a cikin zaman. Daga baya, a shari'ar Standish ta 2025, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ƙa'idar rabo ba ta hawa kan abin da mutum ya shigo da shi, sai in sun daɗe suna ɗaukarsa na tarayya, ko da ya ke ana iya taɓa shi domin biyan bukata. Fassarar da ta haɗiye wannan bambanci ta haɗiye zuciyar hukuncin.

A Nijeriya, sashe na 72 na dokar shari'un aure ta 1970 ya ba kotu ikon daidaita dukiya, amma auren rajista kaɗai ya shafa. Auren Musulmi yana bin mazhabar Malikiyya, inda kowa ya ke riƙe da nasa, kuma ba a ƙidaya watanni. Abin da a ke tambaya shi ne: an sadu ko ba a sadu ba, kuma wa ya nemi rabuwa? In an saki mace kafin saduwa, rabin sadakin da aka yanka nata ne, kamar yadda aya ta 237 ta Suratul Baƙara ta nuna. In bayan saduwa ne, duka nata ne. In ita ta nemi fita, sai hul'i, ta fanshi kanta.

Matsalarmu tana wani wuri dabam, kuma a gajeren aure ta fi tsanani, domin kaya suna nan sababbi, wataƙila uban amarya bai gama biyan bashin da ya ci a kansu ba. Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu su ke dogara da su, sun ce idan ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba na mata ne mace ta rantse ta ɗauka, abin da ya ke na maza ko wanda duka biyu ke amfani da shi miji ya rantse ya ɗauka. Sa'ad da kayan ɗaki su ke tasoshi da kwalla da taskira, wannan hukunci kariya ne ga mace. Yau iyaye suna kai firji da talabijin da kujeru, waɗanda ba wanda zai ce na mata ne kaɗai. In ba rasiɗi, ba kuwa shaidar da ta tsaya, abin da uba ya saya da guminsa yana iya komawa hannun surukin wata shida. Haka nan amaryar da ta sayar da sarƙarta ta ƙara wa miji jari: rance ne ko kyauta? Wanda ya shagala da tambayar ko za a "raba" ba zai kai ga waɗannan ba.

Saboda haka ina ba malaman kwalejojin horon malamai shawara uku. A bar wa "dukiyar aure" ma'anarta ta asali. Idan ana fassara shari'ar Turawa, a ce "dukiyar da aka shigo da ita" da "dukiyar da aka tara cikin zama", ko da jimlar ta yi tsawo, gama tsawon jimla ya fi gajeren kuskure. Na uku, idan ana koyar da al'adun aure, kada a tsaya ga lissafa lefe da gara da jere kamar kayan kallo. A nuna wa ɗalibi cewa kowane suna yana ɗauke da hukuncin mai shi, kuma rubuta kayan ɗaki ranar jere, gaban shaidun ɓangarorin biyu, ba rashin kunya ba ne. Ɗaliban nan su ne gobe za su yi tafinta a kotu, su fassara labari a rediyo, kuma abin da suka kira kaya da shi, da shi jama'a za su san mai su.