Mako biyar na Atari da awa 48 na masu gasa

A ƙarshen Yulin 1982 kamfanin Atari na Amurka ya danƙa wa Howard Scott Warshaw aikin haɗa wasan bidiyo a kan fim ɗin E.T. na Steven Spielberg, aka gindaya masa cewa lallai ya gama zuwa 1 ga Satumba, don kaset ɗin ya riski kasuwar Kirsimeti. Mako biyar ke nan da 'yan kwanaki, alhali wasansa na baya, Raiders of the Lost Ark, ya ci masa watanni. Ya kuwa gama a kan lokaci. Aka buga miliyoyin kaset, mafi yawa suka yi kwantai, wasu masu saye suka mayar da nasu. A 1983 aka binne tarin kayan Atari a wani juji a garin Alamogordo, da aka tone wurin a 2014 sai ga E.T. a ciki.

An saba ɗora laifin duka a kan gaggawa, amma ni a ganina an taƙaita maganar. Abin da ƙurarren wa'adi ya fara cinyewa shi ne gwaji, kuma wasa ba ya nuna aibinsa sai a hannun wanda bai gina shi ba. A cikin E.T. mai wasa yana faɗawa ramuka don neman gutsattsarin wayar tarho. Fita ita ce jidali: sai halittar E.T. ta miƙa wuya ta taso sama a hankali, tana isa bakin rami ta sake zurmawa. Wanda ya rubuta wasan ya san inda zai taka, yatsunsa sun haddace. Yaron da aka saya wa kaset bai sani ba, kuma da an zaunar da yara da shi na yini ɗaya, da an ga inda suke ajiye abin dannawa don haushi. Atari ta tsallake wannan mataki, kamar telan jajibirin Sallah da ya miƙa riga ba a gwada ba.

Wani zai ce to ina aka bar gasar haɗa wasa cikin kwana biyu? Tun 2002 ake yin Ludum Dare, inda mutum ke gina wasa cikin awa 48, Global Game Jam kuma ta soma a 2009. Wasan Superhot daga gasar mako ɗaya ya fito a 2013, Celeste kuma Maddy Thorson da Noel Berry sun yi samfurinsa na farko cikin kwana huɗu a 2015. Gaskiya ne, kuma wannan al'ada ta cancanci yabo, domin tana tilasta wa mai ƙira ya riƙe dabara ɗaya tak. A Superhot dabarar ita ce lokaci ba ya gudu sai ka motsa. Sai dai a gasa mutum yana da ikon yanke burinsa daidai lokacinsa, in abin ya lalace ba wanda ya yi asarar kuɗinsa, sannan ana gamawa sauran masu gasa za su buga wasan su faɗi ra'ayinsu. Gwajin yana nan, bayan wa'adi ya koma. Celeste da aka sayar bai fito ba sai 2018.

Akwai kuma masu cewa Warshaw ne ya ja wa kansa, tunda Spielberg ya ba shi shawarar yin abu mai kama da wasan Pac-Man, shi kuwa ya zaɓi sabon tsari mai sarƙaƙiya. Wannan suka tana da ƙarfi, ban kuma wanke shi ba. Amma wanda ya kashe maƙudan kuɗi wajen sayen izinin fim, ya sa ranar, ya ƙayyade yawan kaset kafin a ga wasan, shi ya rufe ƙofar gyara. Yau intanet ta ba kamfanoni damar gyara bayan sayarwa, sai wasu suka mayar da masu saye 'yan gwaji da kuɗinsu. Haka wasan Cyberpunk 2077 ya fito cike da matsaloli a Disambar 2020, har Sony ta janye shi daga shagonta na PlayStation na kusan wata shida.