Gyara a Kan Tarihin Filin Jirgin Saman Kano

Masu rubuta tarihin filin jirgin sama na Kano sun saba taƙaita shi da magana guda, wai sansanin mayaƙa ne a da, da yaƙi ya ƙare aka miƙa shi ga farar hula. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka abin ya bi ba, kuma yaran makaranta suna haddace ta yadda suka same ta.

Gaskiya ne soja suka fara sauka. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar, suka dira a Kano, shugabansu Coningham, zamanin Sarki Usman. Waɗansu sukan rubuta 1922, kuskure ne wanda wani ya kwafa daga wani. Su kuwa waɗannan baƙi ne masu gwada hanya, ba su kafa sansani ba. Waɗanda suka fara zirga-zirga sosai 'yan kasuwa ne, wato kamfanin Imperial Airways, da ya soma kawo wasiƙu daga Hartum cikin 1936. Ashe farar hula sun riga sansanin da shekara huɗu.

Sansanin na Yaƙin Duniya na Biyu ne. Da Italiya ta shiga yaƙi cikin Yuni 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingilishi. Sai suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su can, su tashi ayari ayari ta Ikko, Kano, Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya, daga baya Amurkawa suka shigo ciki.

A nan ne masu tarihin suka fi yin sakaci. Sukan ƙidaya jirage da sunayen matuƙansu, ba su tambayi dalilin da hanyar ta lanƙwasa haka ba. Dalilin kuwa yana bakin ƙofar Daura. Gwamnan Cadi, Eboue, ya bi Janar de Gaulle cikin Agusta 1940, saboda haka samaniyar Cadi ta buɗe. Amma Faransawan da ke mulkin Damagaram suka tsaya tare da gwamnatin Vichy, wadda ke ƙarƙashin inuwar Hitila, har ƙarshen 1942. Wato mutumin Daura wanda ya je cin kasuwar Magarya a shekarun nan, ƙasar da ba ta tare da Ingila ya shiga, ko da yake Hausa ɗaya suke yi da wanda ya sayar masa da akuya. Tarihin da bai ambaci wannan iyaka ba ya bar mai karatu cikin duhu. Haka kuma bai ce kome ba game da leburorin da suka share filin suka dandaɓe shi.

Bayan yaƙi Kano ta zama zango, domin jiragen zamanin ba su iya ƙetare Sahara su wuce kudu ba tare da sun sha mai ba. Masu tarihin sukan kira wannan lokacin ɗaukaka, su ce filin ya koma baya sa'ad da jirage masu dogon zango suka daina tsayawa. Wannan awon baƙo ne. Ga talakan Daura, amfanin filin shi ne aikin haji. Kakansa ya yi shekaru a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, yana noman ƙodago don guzuri, waɗansu ma ba su komo ba. Shi kuwa ya hau mota ta Kazaure, ya kwana Kano, ya wayi gari Jidda. Hanyar da jiragen yaƙi suka bi ma kusan tsohuwar hanyar alhazai ce. Kuma babban baƙin cikin filin na alhazai ne: ran 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko su daga Jidda ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

Saura maganar miƙawa. Har yau akwai soja a wurin. Filin yana ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, wanda bai taɓa sa kaki ba, amma mayaƙan saman Nijeriya suna da mazauni a gefensa, jiragensu da na fasinja suna tashi daga fili ɗaya.