Masu Jinyar Injin Turbo a Garejin Yamai

Idan aka kawo mota mai turbo gareji a Yamai tana tari, za ka gane gwani tun kafin ya ɗauki sifana. Ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya sa yaro ya tayar da injin, ya karkata kai ya saurara, ya zaga baya ya dubi launin hayaƙin salansa, sannan ya juyo ga mai motar: "Alhaji, a ina ka sha mai? Yaushe rabonka da juye?" Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ce rabin aikin. Ina girmama irin waɗannan makanikai, domin sun san turbo ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba. Akwai abin da ya ci shi, kuma in ba a gano abin ba, sabon da aka ɗaura ma zai bi bayan tsohon.

Aikin turbo aikin zugazugin maƙeri ne: a ƙara wa wuta iska, ta ƙara ƙarfi. Hayaƙin da injin ke fitarwa, maimakon ya tafi a banza, shi ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wadda ke dura iska cikin injin. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Yau ta mamaye kasuwa, har Toyota da ta fito da Land Cruiser 300 a 2021 ta ajiye injin V8 ta koma V6 mai turbo biyu. Sai dai farfelar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma a motar fetur zafin hayaƙin da ke bugunta yakan kai digiri 900. Abin da ke aiki a wannan hali ba ya jure sakaci.

Cikin abubuwan da ke cin turbo, maganar fetur ita ce ta farko. Tunda turbo yana matse iska da yawa, fetur marar juriya yakan kama da wuta kafin lokacin da ya dace, ya bugi kan fistin tun yana hawa. Lambar oktan ita ke nuna wannan juriya. Motocin Turai da aka shigo da su ta tashoshin ruwan Lome da Kwatano yawanci an ƙera su ne don fetur mai lamba 95, wasu ma 98, kuma ana liƙa lambar a cikin murfin tanki. Gwani yakan buɗe murfin ya nuna wa mai mota da yatsa. Ya san kuma kwamfutar motar tana da na'urar da ke jin wannan bugu, ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta ceci injin. Shi ya sa mai mota ba ya jin komai sai nauyin tafiya da yawan shan mai, alhali zafi na taruwa a ciki. Makaniken kirki yakan jona na'urar bincike ya ga yadda kwamfutar ke ja da baya, ya ce a rage taka totur, kuma a daina hawan tudu da babbar giya injin yana nishi, domin a nan ne bugun ya fi muni.

Tun 2011 Nijar ke tace manta a matatar SORAZ da ke Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, da ɗanyen man Agadem, kamfanin SONIDEP kuma ya rarraba. Amma tsakanin famfon gidan mai da tankin mota akwai wata kasuwa, ta ruwa-ruwa, man kwalba da jarka na bakin hanya. Tsohuwar tasi za ta iya haɗiye shi ta wuce. Injin turbo kuwa ba ya yafe ƙura, ko ruwa, ko kalanzir da aka surka. Araha ba ta ado. Ga masu Hilux da sauran motocin gazuwal, oktan ba damuwarsu ba ce; tsabta ce damuwarsu. Famfonsu yana tura mai da matsi kusan bar 2,000 ta ramuka sirara kamar gashi, don haka gwani ba ya sakin mota sai ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar gazuwal.

Na biyu baƙin mai. Sandar turbo tana shawagi ne a kan siririn man injin, kuma man nan shi ke kwashe mata zafi. Littafin mota na iya cewa a yi juye bayan kilomita 15,000, amma an rubuta shi ne don hanyoyin da babu hazon hunturu, babu zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, babu cunkoson Gadar Kennedy da safe. Makanikan Yamai sukan rage wannan wa'adi sosai, su dage a kan mai irin wanda kamfani ya ambata, misali 5W-30, su kuma duba hatimin galan don gudun jabu. Shawararsu ga direban da ya taso daga Maraɗi ya biyo ta Birnin Ƙonni da Dosso ita ce, in ya iso kada ya kashe mota nan take. Ya bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye. In ya kashe da zafinta, man da ya rage a cikin turbo zai ƙone ya zama gawayi, ya toshe hanyar da sabon mai zai bi gobe.

Na uku iska. Ka ga gwani ya cire bututun gaban turbo, ya haska tocila, ya kama kan sandar da yatsu biyu ya ɗan girgiza. Motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne. In tana gaba tana baya, ko fukafukan farfelar sun goge jikin gidansu, aiki ya taso. In bakin fukafukan ya dakushe, ya san rairayi ya samu ƙofa, ko dai matatar iska ta yage saboda yawan hura ta da iska mai ƙarfi, ko wani zobe ya saki. Hayaƙi shuɗi yana gaya masa mai na ƙonewa, baƙi kuma iska ta gaza.

Yawancin waɗannan mutane sun fara ne da wankin ƙarafa a hannun maigida, sun koyi kabureta, ga shi yau suna karanta kwamfuta. Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsu. Sayar wa mutum sabon turbo ya fi riba, amma nagari zai ce masa matsalar bututun roba ne da ya tsage, ya gyara da kuɗi kaɗan. Duk mai mota da ya samu irin wannan makanike ya riƙe shi da kyau, ya biya shi haƙƙinsa, ya kuma bi shawararsa a gidan mai.