Faifan Lu'ulu'u da Yayin "Yanka-Komai" a Wuraren Gini

Tun da tayil da mabul da intalok suka zama ruwan dare a gine-ginen Kano da Kaduna da Abuja, ƙaramin injin yanka na hannu, wanda masu sana'a ke kira giranda, ya shiga jakar kusan kowane birkila da mai sa tayil, kuma wata ɗabi'a ta biyo bayansa: a sayi faifai guda mafi araha a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Dei-Dei, a yanka tayil da shi da safe, a tsaga kankare da rana, washegari a bi bulo da dutse. 'Yan kasuwa na tallata irin wannan faifai da cewa komai yake ci, amma yadda aka ƙera shi ma ya isa ya nuna cewa wannan yayi ba shi da tushe.

Faifan lu'ulu'u farantin ƙarfe ne da aka yi wa baki da garin ƙarafa, irin su kobal da tagulla da baƙin ƙarfe, wanda aka cakuɗa da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u aka gasa shi cikin matsi har ya dunƙule. Lu'ulu'un ba na haƙowa ba ne, na masana'anta ne, irin wanda kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar ƙerawa a 1954, kuma a yau ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, lu'ulu'u yana mataki na 10, ƙanƙarar dutse da ke cikin giranit tana 7, ma'adinin da ya yi mabul kuwa yana 3, saboda haka faifan gurzar dutse yake yi har ya raba shi.

Abin da masu saye suka fi jahilta shi ne maɗaurin, wato garin ƙarfen da ke riƙe ƙwayoyin. Dole ne maɗauri ya riƙa cinyewa daidai da yadda ƙwayoyin ke dakushewa, domin tsofaffi su zube sababbi su fito fili. Daga nan ne ƙa'idar da ke ba mutane mamaki ta samo asali, cewa abu mai tauri, kamar giranit da tayil ɗin fosilen, yana buƙatar maɗauri mai laushi, yayin da abu mai laushi amma mai yashi, kamar bulo da kwalta da ɗanyen kankare, ke buƙatar maɗauri mai tauri. Idan aka sa faifan bulo a kan giranit, ƙwayoyin za su dakushe maɗaurin kuma ya ƙi sakinsu, sai bakin faifai ya yi sumul yana ƙyalli, ya ɗau zafi, mai aiki ya yi ta dannawa yana zargin injin ko janareto. Idan kuma aka sa faifan giranit a kan bulo, yashi zai lashe bakin tun ƙwayoyin ba su yi aikinsu ba. Ƙwararru kan farfaɗo da faifan da ya yi sumul ta hanyar ratsa shi cikin bulon yashi sau kaɗan, dabarar da ita kanta shaida ce kan ƙa'idar.

Siffar baki ta fi sauƙin ganewa. Mai giɓi-giɓi na kankare da bulo ne, domin giɓin na fitar da gari yana sanyaya faranti. Mai baki ɗaya marar tsaga na tayil ne, yana tafiya a hankali amma ba ya ɓantare gefe. Na tsakaninsu, mai zane-zane da ake kira turbo, yana da sauri da ɗan tsafta. Duk wanda ya duba tayil ɗin banɗaki kusa da bututu ya ga gefensa kamar ɓera ya gwaguya, an cike da farin siminti, to aikin faifai mai giɓi ya gani.

Yayin yanka-komai yana tafiya ne tare da yanka a bushe, kuma a nan lamarin ya wuce asarar kaya. Ruwa na sanyaya baki ya kuma kwantar da ƙura, ƙurar kankare da giranit kuwa tana ɗauke da silika, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke maƙalewa a huhu su haifar da cutar silikosis, cutar da ke taurara huhu kuma ba ta da magani mai warkarwa. Ƙasar Ostareliya ta haramta aiki da dutsen haɗi mai yawan silika daga 1 ga Yulin 2024 saboda yadda cutar ta kama masu yanka shi. Rawani ko ƙyallen da lebura ke ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Haka nan kowane faifai na da iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa: na milimita 115 yana jure juyi kusan 13,300 a minti, na milimita 230 kuwa kusan 6,600, don haka cire murfin ƙaramin inji domin a ɗaura babban faifai ganganci ne da rai.

Ba jahilci kaɗai ke raya wannan ɗabi'a ba, har da yadda ake ƙulla cinikin aiki. Galibi mai gida ne ke sayen tayil, mai sa tayil kuma ya sayi faifai daga kuɗin hannunsa, ta yadda wanda ya tsimi kuɗin faifai daban yake da wanda zai yi asarar kwalin tayil da ya farfashe. Muddin haka lissafin yake, wa'azin cewa araha ba ta ado ba zai shiga kunnen mai aiki ba. Abin da ya fi dacewa shi ne 'yan kwangila da masu gida su sa faifai cikin jerin kayan aiki tun wajen ƙiyasi, kamar yadda ake sa siminti da rodi, a ambaci na tayil daban da na kankare, a kuma tanadi ruwa da takunkumin tace ƙura kafin a fara yanka.