Jinjina ga Masu Bin Salsalar Dawakin Tsere

Tun ɗan doki bai san linzami ba, akwai masu iya lissafo kakanninsa daki-daki, su ce wannan na gajeren zango ne, wancan kuwa zai jure nisa. Su nake jinjina wa.

James Weatherby ya fara tattara asalin dawakin tseren Ingila cikin kundi a 1791, kuma har gobe kamfanin gidansu ke riƙe da shi. Ta wajen uba, dawakin nan ga ingarmu uku suke tuƙewa: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian.

Wanda ya fi burge ni shi ne Bruce Lowe na Ostireliya, domin goɗiyoyi ya bi, a lokacin da ido ke kan ingarmu. Ya kasa goɗiyoyin dangi 43, kowane dangi da lambarsa, littafinsa bai fito ba sai 1895, bayan rasuwarsa. An soki hasashensa game da dangin nan, da gaskiyar masu suka, amma lambobinsa na nan ana amfani da su. Haƙurin mutumin nan ya isa a yaba!

A 2010, Emmeline Hill ta Dublin ta nuna cewa ƙwayar gado guda, mai tsara girman tsoka, tana da hannu wajen bambanta mai saurin gudu da mai juriya.