Gona Kafin Bindiga: Bitar Littafin "War Comes to Long An" na Jeffrey Race

Lardin Long An yana daf da Saigon ta kudu maso yamma, a bakin fadamun kogin Mekong. Ƙasar shinkafa ce, magudanan ruwa sun tsattsaga ta ko'ina. A 1959 jam'iyyar kwaminis ta kusa ƙarewa a wannan lardi: 'yan sandan shugaba Ngo Dinh Diem sun kame wasu, sun kashe wasu, sauran sun shige fadama suna ɓuya. Zuwa 1965 kuwa gwamnati ba ta riƙe da komai sai Tan An, babban garin lardin, da hedikwatocin gundumomi, da 'yan barikoki a bakin titi. A lokacin rundunonin Amurka ba su sauka a lardin ba, na Biyetnam ta Arewa ma ba su iso ba. 'Yan lardin ne da kansu suka juya wa gwamnatinsu baya. Yadda hakan ta faru a cikin shekara shida shi ne abin da Jeffrey Race ya bi diddiginsa a wannan littafi, wanda madaba'ar Jami'ar Kalifoniya ta fitar a 1972, aka sake buga shi da ƙari a 2010.

Shi kansa Race sojan Amurka ne. Ya je Biyetnam a 1965 yana ƙaramin hafsa, ya koyi harshen mutanen, ya yi aikin ba da shawara a wata gunduma ta lardin Phuoc Tuy. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: ga gwamnati da jirage da igwa da kuɗin Amurka, ga 'yan tawaye da bindigogin ƙwace, amma in dare ya yi ƙauye nasu ne. Da ya ajiye kaki sai ya koma a farar hula. Ya zauna da tsofaffin gwamnonin Long An da jami'an gundumomi, ya zauna da 'yan jam'iyyar da suka sauya sheƙa, ya karanta takardun cikin gida na jam'iyyar da aka ƙwato a fagen daga. Sai ya bar kowane ɓangare ya yi magana da bakinsa, shafi bayan shafi, ba tare da ya katse shi ba.

Nan daɗin littafin yake. Jami'an gwamnati, irin su Mai Ngoc Duoc da ya mulki lardin a ƙarshen shekarun 1950, ba duka miyagu ba ne. Wasunsu masu himma ne, masu kishi. Amma in aka tambaye su abin da ya kai manoma ga 'yan tawaye, amsarsu ba ta wuce uku: jahilci, yaudara, tsoro. Tsohon ɗan jam'iyya kuwa, ko da ya riga ya bar ta, zai zayyana maka wa ke da gona a ƙauyen, wa ke biyan galla, wa ke jin an wulaƙanta shi a ofis, da abin da za a ba kowannensu don ya ɗaura ɗamara. Race bai yi wa jami'an ba'a ba. Ya dai jera maganganun biyu kusa da juna, mai karatu ya gane da kansa wane ne ya san ƙauyen.

Batun gona shi ne ƙashin bayan hujjarsa. Lokacin yaƙi da Faransa, daga 1945 zuwa 1954, manyan masu filaye sun gudu birni, mayaƙan Biyet Min suka raba gonakinsu ga masu noma su. Bayan yarjejeniyar Janeba ta 1954 gwamnatin Diem ta dawo ƙauyuka, masu filaye na biye da ita. Ta yi doka cewa galla kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na amfanin gona, ta kira wannan sauƙi. Ga manomin da ya shekara da shekaru ba ya biyan kowa komai, wannan sabon haraji ne. Sai kuma doka mai lamba 57 ta 1956, wadda ta bar wa mai fili hekta 100, abin da ya haura a sayar wa manomi ya biya a hankali. Wato a sayar masa da gonar da yake ganin an riga an ba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gwamnati da hannunta ta tsaga wannan bango.

Daga nan Race ya kawo bambancin da, a ganina, ya fi komai daraja a littafin. Gwamnati da Amurkawa sun gina rijiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani, suna tsammanin godiya za ta zama biyayya. Amma rijiya kowa na sha, da mai goyon bayan gwamnati da mai kai wa 'yan tawaye abinci da dare, kuma ba ta rage wa mai fili ko taku ɗaya ba. Gonar da jam'iyya ta ba ka kuwa, tana hannunka ne muddin jam'iyyar na nan. Ranar da soja ya kafa bariki a ƙauyen, ranar mai fili zai dawo da littafin bashinsa. Saboda haka manomin da ya ɗauki bindiga ba aƙidar Markis yake karewa ba, gonarsa yake tsaro. Gwamnati na ƙara wa ƙauye kaya, jam'iyya na sake rabon abin da ke cikinsa.

Ba gona kaɗai aka sake rabawa ba. A 1956 Diem ya soke zaɓen majalisun ƙauyuka, aka koma naɗo su daga sama, ba su iya yanke komai sai da izinin gunduma. Kwamitin jam'iyya na ƙauye kuwa shi ke raba fili, shi ke yanka haraji gwargwadon ƙarfin mutum, shi ke shari'a. A sojan gwamnati ba ka zama hafsa sai da takardar kammala babbar sakandare, wadda ɗan manomi ba ya ko mafarkinta. A ɗaya ɓangaren ɗan ƙodago na iya hawa har ya jagoranci runduna. Gwamnati kan kwashi saurayi ta kai shi lardi mai nisa. Jam'iyya kan fara sa shi gadin ƙauyensu, inda uwarsa ke ganinsa.

Bahaushen Jazira ta Sudan ba zai karanta waɗannan shafuka bai ɗago kai ya dubi tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ba. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin auduga, an raba mutanen wannan ƙasa gida biyu: mai hawasha, wato gonar da aka yanka masa a aikin, wanda sunansa ke cikin littafin hukumar da ke Barakat, da mai aikin hawashar wani. Kakanninmu, waɗanda suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina da Borno da niyyar Makka, da yawansu a gida na biyu suka faɗa. Da auduga ta faɗi a farkon shekarun 1930 'yan ƙasa suka watsar da hawashoshi, an ba wasu 'yan takari, wato mutanenmu, suka riƙe. Da kasuwa ta farfaɗo sai ƙofar ta fara rufuwa. Dokar jinsiyya ta 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar kafin ƙarshen 1897. To, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, bayan nan ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso gaɓar Nilul Azraƙ da jama'arsa, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Da 'yan shekaru kaɗan dokar ta tsallake su. An sassauta ta daga baya, amma rabon hawasha ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne tsinkar auduga, da noman gyaɗa da dawa a raba biyu da mai hawasha, da cin bashin shel kafin kaka, da zama a kambo, wato sansanin 'yan ƙodago, a bakin magudana, a kan filin da ba naka ba, inda gina ɗakin bulo ma sai ya jawo magana. Mutanen kanabi (jam'in kambo), da na Darfur da na Chadi da namu, sun haifi jikoki a haka.

Batun majalisar ƙauye ma ba baƙo ba ne. Abin da Hausawan Nilul Azraƙ suka nema a 2022 shi ne sarauta tasu a cikin tsarin mulkin gargajiya, aka ce sarauta ta mai ƙasa ce, su kuwa ba su da ƙasa. A watan Yuli na shekarar rikici ya ɓarke a yankunan Rusairis da Gaisan, sama da mutum 100 suka mutu. A Oktoba a Wad al-Mahi adadin ya kai kusan 200. Da wani ya ce a magance wannan da sabuwar rijiya da aji biyu na makaranta, Race ya riga ya ba shi amsa tun 1972.

Amma a nan dole a ja linzami, domin kamar da ke tsakanin wuraren biyu tana da iyaka. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ba boren manoma ba ne. Dakarun Da'amus Sari', waɗanda rediyo ke kira RSF, sun shiga Madani a Disamba 2023, suka shiga Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kuma ba su raba wa kowa gona ba. Motoci da taraktoci da amfanin gona suka kwashe, suka yi kisa a Wad an-Nura da ƙauyukan gabashin Jazira. Da ma'aunin Race, runduna irin wannan ba ta da saiwa a ƙauye, kuma haka aka gani: soja ya karɓe Sinja a Nuwamba 2024, ya karɓe Madani ranar 11 ga Janairu 2025. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka far wa Kambo Tayba, aka kashe mutane bisa zargin cewa mazauna kanabi sun haɗa kai da RSF, kuma masu bincike kan haƙƙin ɗan Adam suka ɗora alhakin a kan mayaƙan Abu Aƙla Kaikal, mutumin da shi kansa daga RSF ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren soja a Oktoba 2024. Marar fili bai sami komai daga RSF ba, ya kuma sha zargi daga ɓangaren soja. Littafin bai san irin wannan yaƙi ba, amma ya koya wa mai karatu inda zai duba ya gane dalilin da ya sa zargin ya sauka a kambo.

Littafin na da rauninsa. Babi na huɗu, inda Race ya tattara darussansa, ya cika da kalmomin masana: ya ware ƙarfi daban, iko daban, tsaro iri-iri, har mai karatu ya fara kewar muryoyin tsofaffin gwamnoni. A daure a karanta, don nan ne hujjar ta ɗaure, amma ba a karanta shi da gyangyaɗi. Mata kusan babu su, alhali su ke dashen shinkafa, su ke kai saƙo. Kuma yawancin abin da muka ji daga ɓangaren jam'iyya ta bakin waɗanda suka bar ta ne, manyanta, masu iya tsara magana. Ƙaramin manomi da aka karɓi harajinsa sau biyu, da rana gwamnati da dare daji, bai sami fili kamar nasu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya ɗauki kisa. Bai ɓoye shi ba. Ya ba da labarin makon sabuwar shekarar Tet ta 1960, lokacin da jam'iyya, bayan shugabanninta na Hanoi sun ba da izinin ɗaukar makami a 1959, ta kashe masu unguwanni da 'yan sandan ƙauye sama da ashirin a Long An, sauran suka tsere zuwa kasuwanni da barikoki, gwamnati ta wayi gari ba ido ba kunne a karkara. Race ya bayyana wannan a matsayin dabara mai lissafi, kuma gaskiya ne da lissafi aka yi. Amma wanda ya ga yadda ƙauye ke yin tsit bayan an yanka mutum ɗaya a gaban jama'a zai ce tsoro ya fi nauyin da aka ba shi a littafin. Jami'an da suka ce tsoro ne ba duka suka yi kuskure ba. Kuskurensu shi ne tsayawa a nan.

Sannan tarihi ya ci gaba bayan an rufe littafin. Race ya koma a 1970 ya tarar gwamnati ta farfaɗo a Long An. Jam'iyya ta yi asarar mutane masu yawa a farmakin Tet na 1968, lokacin da lardin ya kasance ɗaya daga hanyoyin shiga Saigon. An dawo da zaɓen ƙauyuka, an ba mutanen gari bindigogin tsaron kai, kuma a Maris 1970 shugaba Nguyen Van Thieu ya sa hannu a dokar mallaka wa mai noma gonar da yake nomawa, kyauta. Wato sai da aka kwashe shekara goma sha biyar ana zubar da jini kafin Saigon ta yi abin da abokan gabanta suka fara da shi. Wannan ya ƙarfafa hujjar Race. Abin da bai ƙarfafa ta ba shi ne ƙarshen yaƙin: ba manoman Long An ne suka karɓe Saigon ranar 30 ga Afrilu 1975 ba, tankokin rundunar Arewa ne. Bayan nasara kuma, daga 1978, sabuwar gwamnati ta matsa wa manoman Mekong su zuba gonakinsu cikin gandun haɗin gwiwa, gonakin nan da aka yi musu alkawari da su aka kai su daji. Suka ƙi, wasu suka sayar da dabbobin huɗa, noma ya ja baya. Sai a 1988 aka mayar wa kowane gida ikon noma filinsa, kuma a 1989 Biyetnam ta fara fitar da shinkafa mai yawa zuwa kasuwannin duniya.