Kafin ka biya kuɗin fom: wa ake nazari a kimiyyar fahimta?

Shawarar da ake yawan ba ɗalibin da ke son yin digiri na biyu a kimiyyar fahimta ita ce ya duba jerin manyan jami'o'in duniya ya nemi ta sama. Ni wannan shawara ba ta gamsar da ni ba, domin fannin ba abu ɗaya ba ne. Tun rahoton gidauniyar Sloan na 1978 ake lissafa masa rassa shida: ilimin halayyar ɗan Adam, kimiyyar harshe, nazarin ƙwaƙwalwa, basirar na'ura, falsafa da nazarin al'ummomi. A takarda ke nan. A 2019 Rafael Núñez da abokan aikinsa suka nuna cewa haɗin bai tabbata ba, ilimin halayya ya mamaye fagen, nazarin al'ummomi kuwa an tura shi gefe. Shi Núñez a lokacin malami ne a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, wadda ta buɗe sashen kimiyyar fahimta tun 1986, ka ga ba baƙo ba ne yake sukar gida.

Saboda haka sunan sashe ba ya gaya maka komai. MIT ta karkata ga ƙwaƙwalwa da lissafi. Cogmaster na Paris shi ma da nasa bangon da ya jingina. Malamin da zai duba aikinka ya fi tambarin jami'a muhimmanci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ake gwaji a kansu. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka jawo hankali kan wani ƙidaya: kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. Daga nan a ce an gano yadda "ɗan Adam" ke tunani! A 2022 Damián Blasi da abokansa suka ƙara da cewa dogaro da Ingilishi ya yi yawa.

Mu masu aikin rediyo da murya muke ci. Na san "baba" kan zama uba ko shuni gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke ta, kuma yaron Maraɗi yana rarrabewa kafin ya shiga makaranta. Ingilishi ba ya bambanta kalmomi ta wannan hanya. To, ɗalibi ya rubuta wa malamin da yake so ya tambaye shi kai tsaye: in na kawo bincike kan yadda yaro ke koyon karin sauti, akwai mai duba shi, akwai kuma kuɗin zuwa fili a tattara bayanai? In amsar ta zo da kame-kame, ya nemi wani sashen, ko da sunansa bai kai na farkon ba.